Wanda ya ciyar da kai ranar yunwa, me yake bin ka?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai masana tarihi a cikinmu. Kun san aikin kula da tsofaffi nake yi a kudancin Wales. Akwai wata tsohuwa da nake zuwa gidanta sau uku a mako, ta haura 80, mijinta ya daɗe da rasuwa, mahaƙin kwal ne. Jiya ina neman allura zan ɗinke mata maɓallin riga, ta ce in duba gwangwanin biskit a kan kabad. Ina buɗewa sai ga bajo guda biyu an maƙale su da fil ɗaya. Ɗaya na yajin aikin mahaƙa ne, ɗaya kuma alwatika ce ruwan hoda. Na tambaye ta, ta ce na 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ne da suka zo musu daga Landan a 1984. Wallahi fuskata ta canza, ita ma ta gani. Sai ta ce mini, ba faɗa ba tsawa: su ne suka sa abinci a bakin 'ya'yana lokacin da gwamnati ta so mu mutu da yunwa. Ta ce bayan shekara ɗaya ita da mijinta sun shiga mota har Landan sun yi maci tare da su. Dokta, da gaske haka ta faru, ko tsufa ne?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Maman Hanif yau kin zo mana da zafinta tun da sassafe.

Dokta: Ba tsufa ba ne Maman Hanif, abin da ta gaya miki yana rubuce. A watan Maris na 1984 hukumar kwal ta Birtaniya ta sanar za ta rufe mahaƙai 20, abin da zai raba mutum kusan 20,000 da aikinsu. Ƙungiyar mahaƙa, NUM, ƙarƙashin Arthur Scargill, ta tsunduma yajin aiki. Margaret Thatcher ce Firayim Minista, kuma ta riga ta shirya musu, ta tara kwal a tashoshin wutar lantarki don kada yajin ya jefa ƙasa cikin duhu. Shekara guda cur aka yi babu albashi. A watan Yuni na wannan shekarar, ranar macin da masu neman jinsinsu ke yi duk shekara a Landan, wasu samari biyu, Mark Ashton da Mike Jackson, suka ɗauki bokiti suna roƙon kuɗi don iyalan mahaƙa. Daga nan aka kafa ƙungiyar da ake kira LGSM, ma'anar sunan ita ce 'yan maɗigo da 'yan luwaɗi masu goyon bayan mahaƙa. Wani kantin littattafai mai suna Gay's the Word shi ne matattararsu, a bakin ƙofarsa da mashayunsu suke tsayawa da bokiti.

Kwamared Sabon Gari: Dokta bari in ƙara maka wani abu da ya sa kuɗin ya tafi ƙauye kai tsaye. A Oktoban 1984 kotu ta riƙe dukiyar uwar ƙungiya gaba ɗaya, bayan an ci ta tarar fam 200,000 ta ƙi biya. To ka ga idan ka zuba kuɗi a asusun NUM ka zuba a rijiya. Sai masu taimako suka koma kowa ya kama gari ɗaya ya riƙe, kamar yadda ake ɗaukar maraya. Waɗannan yaran na Landan suka kama kwarin Dulais da maƙwabtansa, Neath da kwarin Swansea, a kudancin Wales. Ni da na yi shekara 30 a harkar ƙwadago na san abin da yajin wata biyu ke yi wa gida, balle wata goma sha biyu. Mace ce ke fara sanin yajin aiki, ba mai riƙe da lasifika ba.

Maman Hanif: Kwamared ka faɗi gaskiya, domin ita ma maganar kicin ta fi yi mini. Ta ce a zauren taron mahaƙa suke haɗuwa su ƙulla kayan abinci leda-leda, dankali da gwangwanaye, kowane gida leda ɗaya a mako.

Dokta: Zauren da ya yi suna a labarin shi ne na ƙauyen Onllwyn. Nan 'yan Landan suka fara sauka a Oktoban 1984, mutum ashirin da wani abu, aka rarraba su gidajen mahaƙa suka kwana, wasu a ƙasa a falo. Reshen Landan kaɗai ya tara sama da fam 20,000, har mota suka saya wa kwamitin tallafin don rabon abinci. A Disamba suka shirya wasa a unguwar Camden da ke Landan wanda ya kawo sama da fam 5,000 a dare ɗaya. A wurin wani wakilin mahaƙan, Dai Donovan, ya hau dandamali ya ce musu, a taƙaice: kun sa bajonmu, kun san abin da ake nufi da tsangwama kamar yadda muka sani, yanzu mu ma za mu sa naku. Ina jin bajon da kika gani a gwangwani ke nan.

Malam Na Tudun Wada: Salamu alaikum. Na karanta duka kafin in sa baki. Tarihi tarihi ne, ba na musun ya faru. Amma kada daɗin labari ya ɗebe mu. Hukuncin luwaɗi da maɗigo a addininmu a fili yake, haramun ne, kuma buhun dankali ba ya halatta shi. Abin da na gani a nan shi ne abin da Bahaushe ya faɗa tuntuni: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An ga mutane cikin yunwa, an ba su, an sayi bakinsu. Haka ake yi wa ƙasashenmu yau da sunan tallafi.

'Yar Fagge: Allah gafarta Malam, da girmanka, amma karin maganar nan ba ta zauna ba. Wanzami da kuturu ciniki suka yi, an faɗi lada kafin a ɗauko aska. A nan wa ya gindaya sharaɗi? Dokta, sun ce sai an yi musu kaza kafin su bayar?

Dokta: Babu sharaɗi. Hasali ma a cikin nasu mutanen an yi ta yi musu gori. Ana ce musu me mahaƙa suka taɓa yi mana, su da suka fi kowa zagin irinmu, ga ƙanjamau ta fara kashe mu, ku tara wa namu mana. Amsar da Ashton ke bayarwa ta siyasa ce, don shi ɗan gurguzu ne na gaske, har ya zama babban sakataren ƙungiyar matasan kwaminis ta Birtaniya. Yana ganin 'yan sandan da ke dukan mahaƙa su ne ke kama nasu mutanen, jaridun da ke zagin Scargill su ne ke zaginsu, in Thatcher ta karya ƙungiya mafi ƙarfi a ƙasar to babu wanda zai tsira. Ku tuna a watan Afrilun 1984 jami'an kwastan sun kai samame kantin littattafan nan sun kwashe littattafai. A Yuni kuma aka yi artabun Orgreave, 'yan sanda bisa dawakai suka tarwatsa masu yajin aiki. Kowa ya ga na kowa a talabijin.

Malam Na Tudun Wada: To ai ka ƙarfafa maganata Dokta. Lissafi ne, ba sadaka ba. Sun shuka ne don su girba.

Kwamared Sabon Gari: Malam, to wane zumunci ne babu lissafi a cikinsa? Matanmu in sun kai gudummawar biki ba rubutawa ake yi a littafi ba? Adashi fa? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda ya kama maka yau ya san nasa ɗakin zai buƙaci rufi. Wannan ba ya mayar da shi ciniki. Kuma in don girbi ne, sun zaɓi gonar da ba ta da tabbas, domin mahaƙan nan faɗuwa suka yi. Maris 1985 suka koma aiki hannu rabbana, ba a ba su komai ba, aka ci gaba da rufe mahaƙai ɗaya bayan ɗaya. Mai neman riba ba ya zuba jari a kan wanda ake dannewa a ƙasa.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ban gane ba, mutanen ƙauye masu zuwa coci, yaya aka yi suka buɗe musu ƙofa tun farko? Mu a nan ko baƙon da ba a san asalinsa ba sai an yi shawara.

Maman Hanif: Na tambaye ta wannan. Ta yi dariya ta ce an yi shawarar, kuma ba kowa ya so ba. Wasu mazan sun ce za a yi musu dariya a wurin zanga-zanga. Ita kanta ta ce daren farko ta rasa me za ta ce wa samari biyun da aka kawo mata, ta yi ta ƙara musu shayi har ɗayan ya ce don Allah ya isa haka. Da safe ta fito ta tarar sun wanke kwanuka sun naɗe bargo, ɗaya yana taya ɗanta lissafin makaranta. Ta ce daga ranar ta daina ganin "irin mutanen nan", ta koma ganin wane da wane. Har sunayensu ta faɗa mini, ta ce ɗaya bai kai 1990 ba.

Dokta: Shi ma Mark Ashton bai kai ba. Fabrairun 1987 ya mutu da ciwon ƙanjamau, yana da shekara 26. Bari in ƙarasa ɓangaren ramuwar, tunda shi ne asalin tambayar. A Yunin 1985, wata uku bayan an karya yajin, mahaƙa da iyalansu suka zo Landan da tutocin rassan ƙungiyarsu suka shiga gaban macin. A Oktoba kuma, a babban taron jam'iyyar Leba a Bournemouth, aka kawo ƙudurin da ya ɗora wa jam'iyyar goyon bayan daidaita haƙƙin masu neman jinsinsu. A tsarin Leba na lokacin kowace ƙungiyar ƙwadago na jefa ƙuri'ar mambobinta a dunƙule, NUM ta jefa tata ga ƙudurin, ya wuce.

Malam Na Tudun Wada: Nan ne inda nake tsayawa. Godiya wajibi ce, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, bai ware kowa ba. In maƙwabcina kowane iri ne ya ciyar da iyalina, zan gode masa, in ya yi ciwo zan duba shi, in ya shiga yunwa zan ciyar da shi ninki biyu. Amma ƙuri'a shaida ce. Ba zan biya bashin tuwo da shaidar abin da na yi imani ba daidai ba ne. Tuwo da tuwo ake ramawa.

'Yar Fagge: Malam wannan maganar ta fi ta farko, na yarda da rabinta. Amma tambayata, shaidar me suka bayar? A ce mutum kada a kore shi daga aiki, kada a fasa masa kai a hanya ɗan sanda ya kau da ido, kada mai gida ya watso masa kaya waje. Wannan ai ba fatawa ba ce a kan abin da yake yi a ɗakinsa. In wanda ya ciyar da kai ba yunwa ce matsalarsa ba, duka ne matsalarsa, ka kai masa tuwo ka ce mun yi daidai?

Malam Na Tudun Wada: Duka da zalunci ban goyi baya ba ga kowa, kuma ba kowa ne aka ba ikon hukunci ba, wannan na sha faɗa a kan mumbari. Amma 'yata, ki duba inda hanyar ta ɓulle. Daga kada a kore shi aiki aka fara, a 2014 aka ɗaura auren farko a Ingila da Wales. Wanda ya ɗaga hannu a 1985 yana da kaso a ciki ko ya sani ko bai sani ba.

Dokta: Malam yana da gaskiya cewa hanyar ta kai can, sai dai ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma kada mu ba ƙuri'ar mahaƙa nauyin da ya fi ƙarfinta. Leba ba ta kan mulki a 1985, sai 1997 ta hau. A tsakani abin ma baya ya koma. A 1988 gwamnatin Thatcher ta kafa dokar da aka fi sani da Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi duk abin da za a kira tallata luwaɗi, malaman makaranta suka kama bakinsu ko da yaro ake cin zalinsa a gabansu. Mahaƙa suna cikin waɗanda suka fito suka yi adawa da ita, amma ta wuce, ba a soke ta ba sai 2000 a Scotland, 2003 a Ingila da Wales. Wato su ma sun rama ne a lokacin da ba su da ƙarfin da za su ceci kowa. Kayayye ne ya tallafi kayayye.

Kwamared Sabon Gari: Wannan shi ya fi taɓa ni. Mu a ƙungiya mun saba da godiyar takarda, a rubuta wasiƙa a buga hatimi a manta. Mutumin da aka karya, ga bashin shekara guda a wuyansa, ga mahaƙarsa ana shirin rufewa, ya tashi ya hau mota zuwa Landan ya ɗaga tutar reshensu a inda ya san abokansa za su yi masa dariya. Tutar reshe ba abin wasa ba ce a wurin ɗan ƙwadago, da ita ake raka gawar mamba. Af, kuma kafin wani ya ce labarin kwal na Turawa ne kawai, a tuna da Iva Valley a Inugu, 18 ga Nuwamba 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a kan maganar haƙƙinsu. Wannan zance ne na wata rana.

Ɗan Damagaram: Kwamared kullum sai ka ja mu Inugu. To matan fa? Ina jin sunayen maza kawai.

Dokta: Ka tambayi abu mai kyau. A ɓangaren Landan wasu matan sun ga maza sun mamaye taro, suka ɓalle a ƙarshen 1984 suka kafa tasu ƙungiyar ta 'yan maɗigo masu adawa da rufe mahaƙai. Ba lafiya lau aka yi ta tafiya ba kamar yadda ake son bayar da labarin yanzu. A ɓangaren Wales kuwa, Sian James, matar wani mahaƙi ce mai 'ya'ya biyu da ke cikin masu rabon abinci. Bayan yajin ta koma karatu, a 2005 ta zama 'yar majalisar dokoki mai wakiltar Swansea ta Gabas, ta yi shekara goma.

Shugaban Zaure: Jama'a, abu biyu. Na farko, na goge saƙonni uku na zagi, wanda ya sake zan fitar da shi, ko da wane ɓangare yake. Kuma a tuna da yawanmu a Najeriya muke, inda dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi da shekara 10 kan ƙungiyoyinsu, don haka kada wanda ya kawo sunan wani ko unguwar wani a nan. Na biyu, wani ɗan zaure ya turo mini saƙo ta gefe ya roƙi in sa ba tare da sunansa ba. Ga shi yadda ya rubuto:

"Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara shida da suka wuce magana ta fito a kansa, Baba ya ce ya bar gida a daren. Ni ina tsaye ban ce uffan ba, har yau abin yana cina. Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ce ta ba shi shagonta ya kwana wata huɗu. Ba ta tambaye shi komai ba, ta dai ce ɗan mutum ba ya kwana a titi tana da ƙofa. Mace ce mai sallah, ba ta yarda da abin da aka ce yana yi ba, ta gaya masa sau ɗaya ba ta sake ba. Yanzu yana aiki a wani gari. Bara da ta kwanta ciwo shi ya biya kuɗin asibiti, shi ya yi jinya, 'ya'yanta na cikinta sai waya. Da ta rasu ya zo jana'iza ya tsaya can baya don kada a gan shi. Ni tambayata ga Malam ba ta ƙuri'a ba ce. Ni da na yi shiru a daren nan, me yake bi na?"

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah.

'Yar Fagge: Amin. Na rasa abin cewa.

Malam Na Tudun Wada: Allah ya gafarta mata, ya sa abin da ta yi ya zama haske a kabarinta. Ɗana, wanda ya rubuto, ban san ka ba amma ka saurare ni. Ra'ayina a kan aikin bai canza ba. Amma zumunci ba ya faɗuwa saboda zunubi, da yana faɗuwa da babu wanda zai rage da ɗan uwa a cikinmu. Yana bin ka sallama, yana bin ka jin lafiyarsa, yana bin ka ka ce masa ka yi kuskure da ka yi shiru aka fitar da shi cikin dare. Ka kira shi. Maganar mahaifinku kuma a bi ta a hankali, ka samo wanda yake jin nauyinsa.

Kwamared Sabon Gari: Malam, to ka ga ba tuwo da tuwo ba ne kawai.

Malam Na Tudun Wada: Kwamared kada ka sa mini magana a baki. Kiran waya na ce, ban ce maci ba.

Ɗan Damagaram: Ku biyun nan ko a Lahira sai an raba muku zaure.

Maman Hanif: Ni dai zan fita, ƙarfe biyu nake da ita yau. Jiya da zan tafi ta ce in na dawo za ta nuna mini hotuna, akwai wanda mijinta ke riƙe da sandar tuta a Landan yana ɓata rai kamar an tilasta shi. Ta ce haka fuskarsa take ko ranar aurensu. Maɓallin ma ban ɗinke ba, surutu ya ɗauke mu. Dokta, in akwai abin da kake so in tambaye ta ka rubuto kafin in shiga bas, don a gidan ba na taɓa waya.

Dokta: Tambaye ta ko waɗanda suka ƙi zuwa zauren a daren farko sun zo daga baya, kuma wa ya fara yi musu magana.